Ta Dawo?

Fankar ajin ta yi wata 'yar ƙara, ta girgiza, sannan ta fara juyawa a hankali. Malama ba ta ko sauke allin da ke hannunta ba sai wata yarinya daga layin baya ta maƙe murya irin ta tsofaffi, ta ɗaga kai sama ta ce, "Ta dawo?"

Ajin gaba ɗaya ya amsa da baki ɗaya, "Tukuna, Baba, tana hanya!"

Dariya ta ɓarke, har da masu buga tebur. Malama ta tsaya da rabin kalma a kan allo. Tambayar ta mahaifinta ce. Amsar kuwa tata ce, har da yadda take jan ƙarshenta, kuma a iya saninta ba wanda ya taɓa jin su sai bangon gidansu.

"A ina kuka samo wannan?" ta tambaya, tana ƙoƙarin kada muryarta ta tona ta.

"Kai, Malama, ba ki gani ba? A waya mana! Wani tsoho ne mai jiran wuta, kullum sai ya tambaya ko ta dawo. Duniya kaf ta san shi," in ji yarinyar.

Ta ce su buɗe littattafansu. Ta juya ga allo ta ƙarasa kalmar, amma ko da za a yanka ta ba za ta iya faɗin abin da ta rubuta ba.

* * *

Ba wuta Baba yake jira ba. Matarsa yake jira.

Gyaran agogo ne sana'arsa tun yana saurayi, a wata 'yar rumfa bakin titi. Inna kuwa, mahaifiyar su Malama, a ɗakin wankin asibiti ta ƙare ƙuruciyarta. Takan dawo bayan la'asar ƙafafu a kumbure cikin takalmin aiki mai tauri. Don haka Baba yakan rufe rumfa da wuri, ya riga ta zuwa gida, ya ɗauko silifas ɗinta masu laushi ya jera su a bakin ƙofa, bakinsu na kallon ciki, don tana cire wancan ta zura wannan. Abokansa sun yi tsiyar har sun gaji, sun ce an shanye shi. Shi dai sai ya yi murmushi ya ce ai da daɗi aka shanye shin. Kuma Malama ba ta taɓa jin ya kira sunan matar ba. "Ita" ce kawai. Ta fita, ta dawo, ta ce a gaishe ku. A bakinsa mace ɗaya ce a duniya, ba sai an faɗi wace ba.

Inna ta rasu, aka yi kuka aka share hawaye. Bayan 'yan shekaru sai kan Baba ya fara zubar da abubuwa. Da farko inda ya ajiye tabarau, sannan sunayen maƙwabta, sannan hanyar gida. Malama ta tattaro kayanta ta dawo gidan da zama, da yardar mijinta, direban babbar mota wanda dama titi ne ɗakinsa. In ta tafi makaranta, maƙwabciyarsu Mai Ɗinki ke jawo kekenta bakin taga tana sa masa ido.

Wata la'asar Malama ta dawo ta tarar da silifas ɗin Inna a jere bakin ƙofa, Baba na zaune kan bencinsa. Ya ɗago ya ce, "Uwata, ta dawo?" Haka yake kiranta tun tana cikin zanin goyo, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Ta gaya masa gaskiya. Ya yi kuka irin na wanda yanzu aka kawo masa labarin, har da tambayar me ya sa ba a tashe shi ya raka ta ba. Washegari ya sake tambaya, ta sake faɗa, ya sake binne matarsa daga farko. A rana ta uku, Malama ta dubi fuskarsa ta ji ba za ta iya ba. Ta ce, "Tukuna, Baba, tana hanya."

Ya gyaɗa kai. "Motocin nan ba su da tabbas," ya ce, ya karɓi shayinsa.

Shi ke nan. Kullum tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Yakan sha shayin yana taɓa wani tsohon agogon hannu da ya buɗe wa baya, kafin magariba jiran ya sulale daga kansa, ya kwanta lafiya. Malama takan mayar da silifas ƙarƙashin gadonsa, gobe ya sake ɗauko su. Ta san ƙarya take yi, ta kuma roƙi gafara a kai ba sau ɗaya ba. Amma a kan wannan 'yar ƙaryar kwanciyar hankalin tsohon ta tsaya, kuma tana tsaron ta kamar ƙwai a cokali.

Bidiyon kuwa ita ta ɗauka da hannunta. Ƙaninta Auta, da ke aiki a shagon wayoyi can wani gari mai nisa, ya dame ta da naci yana son ganin Baba. Ta ɗauki tsohon wata rana da aka ɗauke wuta, yana fifita da guntun kwali, ƙwan fitila a mace saman kansa. Ya ɗago ya yi tambayarsa, ita kuma daga bayan waya ta ba shi amsarsa. Ta tura wa Auta shi kaɗai.

A ofishin malamai wata abokiyar aiki ta nuna mata abin da ya zama. An sa masa kiɗa. An rubuta a sama, "Mu da masu wuta." An matso da hoton kusa, fuskar Baba da mataccen ƙwan kawai ake gani. Silifas ɗin suna can ƙasa, an yanke su.

* * *

"Yaya, wallahi ba da mugun nufi na ɗora ba," in ji Auta a waya. "Ni abin ya taɓa min zuciya ne. Har na rubuta cewa ga so na gaskiya. Ba wanda ya kula da nawa ma. Wani ne ya ɗauka ya yanke."

"To goge shi."

"Na goge tun jiya."

"Yau ɗalibaina suka rera min shi a aji, Auta."

"Yaya, abin nan in ya fita ya fita. Yana wayar kowa. Amma ki duba abin da ake rubutawa, ba zaginsa ake ba fa. Son sa ake yi."

Ta duba, kuma yaron bai yi ƙarya ba. Allah ya bar mana Baba. Wannan tsoho ya iya haƙuri. Ni ma haka kakana yake. Ma'aikata sun ɗauki fuskarsa suna tambayar alawus ko ta dawo, samarin da aka yi wa fushi suna tura wa 'yan matansu, wani ma ya haɗa shi da kazarsa da ta ɓata. Wannan na kazar har ya kusa ba ta dariya, dariyar ta zo maƙogwaro ta juye ta zama wani abu mai ɗaci. Mutane ba iyaka suna ƙaunar mahaifinta, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ya san abin da yake tambaya.

Ta yi wa kanta ta'aziyya da cewa Baba ba shi da waya. Abin da ke cikin waya ai a waya zai tsaya.

* * *

Ranar hutu ta riƙo hannunsa za ta kai shi aski. Tafiyarsa ta zama ja da ƙafa, sai an tsaya an huta a bakin kowane shago. Suna daf da rumfar masu cajin waya sai wani saurayi ya miƙe tsaye.

"Kai! Ku zo ku gani! Baban Ta-dawo ne!"

Kafin ta ankara wayoyi sun tashi sama. Ta ɗaga mayafinta tana kare shi, tana cewa don Allah ku bari, ba shi da lafiya. Wani mai fara'a a cikinsu, yaro mai ladabi da gani, ya durƙusa har ƙasa ya kama hannun tsohon da hannu biyu.

"Baba, barka da rana. Albishirinka!"

"Goro," in ji Baba, don wannan bai manta ba.

"Ta dawo!"

Malama ta ji hannun da take riƙe da shi ya yi ƙarfi. Ta ga fuskar mahaifinta ta buɗe, irin buɗewar da rabonta da gani tun Inna na raye.

"Ta dawo?" ya ce a hankali.

"Wallahi tallahi ta dawo, Baba, tun ɗazu!" Yaron ya nuna fitilar rumfar da ke ci da rana tsaka. Gaskiyarsa ya faɗa, an kawo wutar. Abokansa suka kwashe da shewa.

Baba bai ga fitila ba. Ya zare hannunsa ya juya. Ƙafafun da sai an lallaɓa su suka ɗauke shi da sauri har Malama na haɗawa da gudu. Yana tafe yana gyara hularsa, yana kakkaɓe gaban rigarsa, yana faɗa da kansa. "Kuma ban fito mata da takalma ba. Kai, wannan sakarci nawa."

Ya tura ƙofa. "Sannu da aiki!" ya faɗa da muryar da ta cika gidan. "Sannu da hanya! Kina ina?"

Ya leƙa ɗakinsu. Ya leƙa ɗakin girki, ya ɗaga labule, ya ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki ya jira da ladabi kafin ya buɗe. Ya koma ɗakin ya sake dubawa, har bayan ƙofa, wai ko ɓuya ta yi masa don tsokana. Malama na biye da shi. Daga ƙarshe ya tsaya tsakar gida yana haki.

"Sun ce ta dawo."

"Wasa suke yi, Baba. Tukuna dai. Tana hanya."

Ya dube ta, kallon da bai taɓa yi mata ba. "Yaron ya rantse, Uwata. Da Allah ya rantse."

Ita kuwa duk tsawon wannan lokaci ba ta taɓa rantse masa ba, kuma ba za ta iya ba. Ranar bai sha shayi ba. Ya zauna a kan benci da silifas a cinyarsa har duhu ya fara shiga, yana tambayar ko wani laifi ya yi mata da za ta zo ta koma ba ta gan shi ba.

* * *

Da sau ɗaya ne, da kan nasa ya zubar da shi kamar sauran abubuwa. Amma wutar unguwar ba ta da alƙawari, a yini sai a ɗauke a kawo, a ɗauke a kawo. Da can in an kawo, yara ihu kawai suke yi. Yanzu ihun ya sami kalmomi. Daga wannan gida zuwa wancan sai ka ji "Ta dawo! Ta dawo!" Kuma duk lokacin da ya shigo ta taga, Baba sai ya miƙe ya gyara hula, ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya.

Malama ta bi gidajen layin tana roƙo. Waɗanda suka san Inna suka riƙe baki, wasu har da ƙwalla, suka tsawata wa 'ya'yansu. To amma layin baya fa, da na bayansa? Da mai babur da zai wuce wayarsa na kuka da muryar Baba? Ta rufe tagogi, zafi ya hana shi numfashi. Ta ƙure rediyo, ya ce a kashe kada ta yi sallama bai ji ba.

Sai kuma baƙi. Sukan zo da 'yan ledojin tsaraba, su yi sallama da mutunci, su ce sun zo gaida Baba ne, su ɗan ɗauki hoto. Wasu sukan roƙa a sa shi ya faɗa ko sau ɗaya. Mai Ɗinki ce maganinsu. Takan fito da almakashi a hannu, abin awo rataye a wuya. "Ku ba ku da tsofaffi a gidajenku? Ku je ku ɗauki naku mana! Wanda ya sake taka dokin ƙofar nan sai na rage masa tsawon wando yana sanye da shi." Su tafi suna dariya, wani ma ya ɗauke ta a waya ita ma.

Baba ya rame. Agogon da yake wasa da shi ya zauna a buɗe, ƙura na shiga cikinsa. In ya yi tambayarsa da la'asar, Malama ta ba shi amsa, ba ya ƙara zancen motoci. Sai ya tsura mata ido kawai, kamar mai auna maganar.

Auta ya zo ba sanarwa, da jaka a kafaɗa da idanu jajaye. Ya durƙusa gaban mahaifinsa. Baba ya dube shi da fara'ar da yake yi wa masu kawo gyara.

"Samari, agogo ka kawo? Ka dawo gobe, yau na rufe."

Auta ya ce to, Baba. A ɗakin girki ya fito da shawarar da ya taho da ita. "Yaya, mu yi wani bidiyon. Mu faɗa musu gaskiya, mu nuna silifas ɗin, mu nuna yadda yake bin ɗakuna. Wallahi in suka gani kowa zai yi kuka."

"Na sani," in ji Malama, tana zuba ruwan zafi. "Za su yi kuka, su tura wa 'yan uwansu su ma su yi. Sun ci dariyarsa, yanzu kuma ka ba su hawayensa su ɗanɗana. Shi fa, me zai saura masa wanda yake nasa na kansa?"

Sai ga firji ya yi gurnani, an kawo wuta. Daga can bayan katanga ihun ya taso. Suka ji benci ya motsa.

"Sannu da aiki! Kina ina?"

Malama ta ajiye buta za ta fita, Auta ya riga ta. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallon su. Tsohon na gaba, ɗan na biye yana tallafe da gwiwar hannunsa kada ya faɗi. Auta ne ke ɗaga masa labule, shi ke tura masa ƙofa. A bakin banɗaki suka tsaya tare suna jira, hawaye na zuba a fuskar yaron bai ko share ba.

"Ka gan ta, samari?"

"Ban gan ta ba, Baba."

"Doguwa ce, tana ɗan ɗingishi in ta gaji."

"Na san ta, Baba," in ji Auta. "Na san ta sosai."

Duk fushin da Malama ta tara masa sai ta neme shi ta rasa. Tausayinsu su biyun ya rufe ta, har ta rasa wanda za ta fara rarrashi.

* * *

Duniyar waya ba ta daɗe a kan abu ɗaya. Aka samu wani da ya faɗa kwata yana rawa, aka koma kansa. Baƙi suka ɗauke ƙafa, Mai Ɗinki ta mayar da almakashinta kan yadi, Auta ya koma bakin aikinsa yana kira kullum. Ɗaliban Malama ma sun sami sabuwar waƙa. Yaran unguwa ne kawai kalmar ta zauna a bakinsu, har ƙananan da ba su taɓa ganin bidiyon ba. A wurinsu haka ake cewa in an kawo wuta.

Wata la'asar Malama ta dawo daga makaranta, ta haɗa shayi ta kawo. Ba wuta, gidan shiru. Baba na kan bencinsa, hannuwa a kan gwiwa. Ta miƙa masa kofi ta zauna gefensa, amsarta a shirye kan harshe.

Ya kurɓa. Ya dubi ƙofa, ya dubi kofin. Bai ce komai ba.

Ta jira. Sai a lokacin ta lura bakin ƙofar wayam yake. Da can ta sha roƙon Allah ya kawo ranar da za ta huta da wannan ƙarya. Yanzu ga ranar ta zo, ita kuma ba abin da take so a duniya kamar ya ɗago ya tambaye ta.

"Baba," ta ce, "ba ka da tambaya yau?"

Ya dube ta da taushi, kamar ita ce marar lafiyar. Sai ƙwan da ke saman kansu ya yi ƙyafta ya kama. Ihun ya taso daga ƙarshen layi, yana tahowa gida gida har ya iso ƙarƙashin tagarsu. "Ta dawo! Ta dawo!"

Malama ta zabura za ta tare shi kafin ya miƙe. Amma bai motsa ba. Shi ne ma ya kama wuyan hannunta da yatsunsa masu sanyi, ya jawo ta a hankali ta koma kan benci.

"Zauna, Uwata," ya ce. "Wuta suke nufi."

Ya ci gaba da shan shayinsa. A cikin ɗaki fanka ta fara juyawa, iskarta na ɗaga gefen zanin gado. Daga inda Malama take zaune tana hango silifas ɗin a ƙarƙashi, ɗaya a kife kan ɗaya.